Tsagar Bango da Girman Ƙadangare: Sake Duban Faɗuwar Sarakunan Wales

A ranar 1 ga Maris, 1244, masu gadin Hasumiyar Landan suka wayi gari da gawar wani fursuna a gindin bango. Gruffudd ne, babban ɗan Llywelyn ab Iorwerth, sarkin Gwynedd da ke arewacin Wales. Ya ƙulla zannuwan shimfiɗa ya yi igiya don ya sauko ta taga, amma da yake mutum ne mai jiki, sai igiyar ta tsinke da shi. Wanda ya ɗaure shi kafin nan ƙanensa ne, Dafydd, ɗan ubansa, wanda ya hau gadon mahaifinsu a 1240. A 1241 Sarkin Ingila Henry III ya shiga Gwynedd da runduna, ya karɓi Gruffudd daga hannun ƙanen da sunan zai raba musu gardama bisa adalci, sannan ya kai shi Landan ya ajiye shi, domin duk ranar da Dafydd ya ɗaga kai a tuna masa cewa akwai wanda za a iya sakin masa.

Labarai irin wannan ne suka sa hukuncin da aka saba yanke wa sarakunan Wales ya zauna daram: wai 'yan ubanci ne ya cinye su. Hukuncin tsoho ne ƙwarai. Tun wajen 1194 Gerald na Wales, malamin coci wanda mahaifinsa Banorme ne, kakarsa ta wajen uwa kuma 'yar sarkin kudancin Wales, ya rubuta littafin bayanin ƙasar, ya ɗora laifin raunin mutanenta a kan rabon ƙasa tsakanin 'yan'uwa, da al'adar ba da 'ya'yan sarakuna riƙo ga manyan gari, da ƙin bin sarki guda. Marubutan da suka biyo baya sun yi ta maimaita maganarsa har ta zama kamar karin maganar nan da ke cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sai dai wannan bayani ya yi sauƙi fiye da kima. Yana mayar da tarihin shekaru ɗari biyu wa'azi a kan ɗabi'a, yana kuma wanke wanda ya ci ƙasar ba tare da an ce ya wanke shi ba. Gerald ɗin ma, a cikin littafin nan nasa, ya keɓe babi a kan yadda za a ci mutanen Wales da yaƙi da yadda za a mulke su bayan an ci su, don haka shaidarsa tana bukatar a karɓe ta da taka-tsantsan.

Kafin a ci gaba akwai wata matsala ta fassara. An saba kiran waɗannan mutane da kalmar da Hausa ke fassarawa da yarima, alhali yarima a tsarin sarautar Hausa ɗan sarki ne da bai hau ba. Su kuwa masu mulki ne cikakku, da fada, da alƙalai, da mawaƙan fada, da runduna. Har tsakiyar ƙarni na 12 suna kiran kansu brenin a harshensu, rex a Latin, wato sarki. Owain Gwynedd ne, a shekarun 1160, ya fara amfani da princeps, kuma masana irin su J. Beverley Smith sun nuna cewa ɗaga kai ya yi da hakan: a ƙasar da kowane mai ɗan kwari yake kiran kansa sarki, laƙabin da ke nufin na gaba da kowa ya fi sarki nauyi. Saboda haka sarakuna ne sunan da ya dace da su a Hausa.

Babu mai musun cewa gidajen sarautar nan sun zubar da jinin juna. Kundin tarihin da ake kira Brut y Tywysogion cike yake da kisa da makantarwa tsakanin dangi. A 1152 Owain Gwynedd ya sa aka makantar da ɗan ɗan'uwansa Cunedda aka kuma dandaƙe shi, don kada ya yi sarauta, kada kuma ya haifi mai yi. Da Owain ya rasu a 1170, 'ya'yansa Dafydd da Rhodri suka kashe ɗan'uwansu Hywel, wanda mawaƙi ne sananne, a Pentraeth da ke tsibirin Anglesey, 'yan'uwansa na riƙo kuma suka mutu a gefensa, abin da ke gaskata Gerald a kan cewa zumuncin riƙo yakan fi na jini ƙarfi. A kudu, Rhys ap Gruffudd na Deheubarth, wanda ya tara mawaƙa da makaɗa gasa a Cardigan a 1176, ya tsufa ya ga 'ya'yansa sun kulle shi a kurkuku a 1194. Duk wannan ya faru.

Abin tambaya shi ne ko dokar ƙasar ce ta wajabta haka. Dokokin da ake jingina wa Hywel Dda, wanda ya rasu wajen 950, sun ce a raba gonakin mamaci daidai tsakanin 'ya'yansa maza, har da wanda aka haifa ba ta hanyar auren coci ba, muddin uban ya amsa shi. Daga nan ne aka yi tsalle aka ce masarauta ma haka ake raba ta. Amma littattafan dokar sun ware wani matsayi mai suna edling, wato mai jiran gado guda ɗaya, wanda aka ba wurin zama na musamman a fada. Smith ya kafa hujja, kuma hujjar tana da ƙarfi, cewa rabon gona daban ne, gadon sarauta daban. Masarauta ana son ta tafi hannu guda, sauran 'yan'uwa kuma a ba su abin rufin asiri a ƙarƙashin wanda ya hau. Inda aka ga an raba masarauta, yawanci takobi ne ya raba, ko kuwa wani na waje ne ya tsaya a kan sai an raba. Bayan yaƙin 'ya'yan Owain, Gwynedd ta sake dunƙulewa a hannun jikansa Llywelyn ab Iorwerth kafin 1201. Rikicin gado yana tasowa, ya ci wasu, ya lafa, masarauta ta koma ɗaya.

Haka kuwa abin yake a ko'ina cikin Turai ta wancan zamani, har da Ingila kanta. Henry I ya kama yayansa Robert a 1106 ya tsare shi har ya mutu a 1134, kuma a ganuwar Cardiff, cikin Wales, ya ƙarasa rayuwarsa. Daga 1139 zuwa 1153 Stephen da Matilda sun yi ta yaƙi a kan gadon Ingila. 'Ya'yan Henry II sun yi masa tawaye a 1173 da goyon bayan uwarsu. Sarki John, surukin Llywelyn, shi ne ake zargi da ɓatar da ɗan yayansa Arthur a 1203. Ba a taɓa jin masanin tarihi ya ce waɗannan abubuwa sun nuna Ingila ba ta cancanci mulkin kanta ba. Bangonta ya tsage sau da yawa, amma a lokutan babu wani maƙwabci da ya ninka ta arziki sau da yawa yana zaune a gindin bangon yana jira.

Nan ne bambancin yake. Ɗan sarkin da ya sha kaye a Gwynedd ko Powys yana da inda zai kai ƙara. Tafiyar kwana biyu ko uku za ta kai shi Chester ko Shrewsbury, inda sarkin Ingila, wanda ke da'awar shi ne uban ƙasa a kan dukkan sarakunan Wales, zai karɓe shi, ya ba shi masauki da kuɗi, ya kuma zama mai kare dokar Wales a bakinsa. Abin lura ne cewa fadar Ingila, wadda ba ta raba gadon sarautarta ga kowa, ita ce ta fi kowa nacewa a kan cewa al'adar Wales ta wajabta rabo. Da wannan hujja Henry III ya riƙe Gruffudd a 1241. Da Dafydd ya rasu a 1246 bai bar magaji ba, yarjejeniyar Woodstock ta 1247 ta ƙwace duk abin da ke gabas da kogin Conwy, ta bar wa 'ya'yan Gruffudd biyu, Owain da Llywelyn, ragowar su raba, ga kuma ƙanne biyu na tasowa waɗanda za a nema wa nasu kason idan lokaci ya yi. Rabo ya zama makami a hannun maƙwabci.

Llywelyn ab Iorwerth ya ga wannan tarko tun da wuri, kuma rabin mulkinsa ya tafi wajen toshe shi. Ya auri Joan, 'yar Sarki John, wajen 1205, ya tsai da ɗanta Dafydd magaji, ya ture Gruffudd wanda ya girme shi amma wata mace ta haifa kafin auren. Ya samu amincewar gwamnatin Henry III a 1220, ya samu ta Fafaroma Honorius III a 1222, a 1238 kuma ya tara sarakunan Wales a gidan ibada na Strata Florida suka yi wa Dafydd rantsuwar biyayya. Bai bar ko abin da ya taɓa mutuncin gidansa ya ɓata shirin ba: a 1230 ya rataye William de Braose bayan an same shi a ɗakin Joan, amma ya rubuta wa dangin mamacin cewa auren Dafydd da 'yar William yana nan, kuma aka yi auren. Sai dai wannan dabara tana da farashinta. Don ya kafa magaji guda, sai da ya jingina da sarkin Ingila da Fafaroma, ya kuma saɓa wa abin da da yawa daga manyan Gwynedd suke gani haƙƙin babban ɗa ne. Kuma shi kansa, a taron Aberdyfi na 1216, ya raba Deheubarth tsakanin zuriyar Rhys, domin rarrabuwar kudu ita ce ƙarfin arewa. Abin da Ingila ta yi wa 'ya'yansa, shi ma ya yi wa maƙwabtansa lokacin da ya fi su ƙarfi.

Jikansa, Llywelyn ap Gruffudd, shi ne hujja mafi girma a kan masu cewa haɗin kai ne kaɗai abin da ya rasa. A 1255 ya ci 'yan'uwansa Owain da Dafydd a Bryn Derwin, ya kulle Owain fiye da shekara ashirin. A 1258 ya fara amfani da laƙabin shugaban dukkan Wales. Ya ci moriyar rikicin da ke tsakanin Henry III da manyan ƙasarsa ƙarƙashin Simon de Montfort, har a yarjejeniyar Montgomery ta 1267 sarkin Ingila ya amince da laƙabin, ya kuma yarda kusan dukkan sarakunan Wales su yi mubaya'a ga Llywelyn, shi kuma ya yi wa sarkin Ingila. Ga haɗin kan nan an samu, a rubuce, da hatimi. Kuɗinsa mark 25,000 ne, wato fam 16,600 da 'yan kai, a biya kashi-kashi.

Wannan adadi ya fi duk wani labarin 'yan uba bayyana abin da ya biyo baya. Gwynedd ƙasar duwatsu ce da kiwo, garuruwanta ƙanana, hatsinta mafi yawa daga Anglesey yake zuwa, sarakunanta ba su buga kuɗin kansu ba, haraji kuma da yawansa abinci ne da aikin ƙarfi. Don ya biya bashin, ya gina ganuwoyi irin su Dolforwyn, ya kuma ciyar da runduna, dole Llywelyn ya matse talakawa da manya da coci. Bishop na St Asaph ya yi ta kai ƙararsa, bayan mutuwarsa kuma wakilan mutanen Gwynedd sun gabatar da jerin koke-koke a kan harajin da ya ɗora musu. Ana iya cewa sun faɗi haka ne don su faranta wa sabon mai gida rai, amma koken ya yi daidai da lissafi. Gina daula irin ta zamanin yana bukatar kuɗin da ƙasar ba ta da su, tatsar kuɗin kuma tana haifar da masu neman mafaka a ƙetaren iyaka. A 1274 Dafydd da Gruffudd ap Gwenwynwyn na Powys suka ƙulla kashe Llywelyn, asiri ya tonu, suka gudu Ingila, sabon sarki Edward I ya karɓe su. Llywelyn ya ƙi zuwa mubaya'a muddin maƙiyansa na zaune a inuwar wanda zai durƙusa wa. Edward kuma ya sa aka kama amaryarsa Eleanor de Montfort a teku a 1275.

Za a iya kushe wa Llywelyn a nan, kuma ya cancanci a kushe masa. Ya ƙi amsa kira sau da dama, ya daina biyan kuɗin yarjejeniya, ya nace da auren 'yar mutumin da Edward ya fi ƙi a duniya. Ya auna Edward da ma'aunin mahaifinsa mai rauni. Amma ko da ya fi haka wayo, yaƙin 1277 ya nuna iyakar abin da wayo zai iya. Edward ya tara dakaru masu tafiya a ƙasa fiye da 15,000, kusan 9,000 daga cikinsu mutanen Wales ne, ya aika jiragen ruwa Anglesey aka girbe hatsin tsibirin. Masu riƙe da hujjar rarrabuwa suna son ambaton dubu taran nan. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne yawancinsu sun fito ne daga yankunan da iyayengijin Norman suka mallaka tun ƙarshen ƙarni na 11, kuma albashi ake biyansu. Kuɗin albashin yana fitowa daga harajin ulu da majalisar Ingila ta amince wa Edward a 1275, da rancen da 'yan kasuwar Riccardi na birnin Lucca a Italiya suke ba shi a kan wannan haraji. Babu wani sarkin Wales, ko da ba shi da ɗan'uwa ko ɗaya a duniya, da zai iya tsayawa gaban irin wannan aljihu.

Yarjejeniyar Aberconwy ta 1277 ta mayar da Llywelyn yammacin Conwy. Shekaru biyar da suka biyo baya sun tafi a shari'a, musamman a kan yankin Arwystli, inda ya nemi a yi hukunci da dokar Wales tun da ƙasar Wales ce, alƙalan Edward kuma suka yi ta jan ƙafa. A sauran yankunan da suka koma hannun jami'an Ingila, mutane sun ɗanɗana sabon mulki. Abin da ya faru a 1282 yana da wuyar shiga cikin tsohon bayani: Dafydd, wanda ya ci amanar yayansa fiye da sau ɗaya, wanda Edward ya saka wa da filaye da mata, shi ne ya fara kai hari a ganuwar Hawarden a watan Maris, sarakunan kudu da na arewacin Powys suka bi, Llywelyn ma ya shiga. Da Akbishop na Canterbury, John Pecham, ya zo sulhu da tayin a ba Llywelyn ƙasa mai kawo fam 1,000 a shekara a Ingila ya bar Gwynedd, majalisarsa ta ƙi, ta kafa hujja da cewa ƙasar gadon kakanni ce kuma mutanenta ba za su bi baƙon da harshensa da dokarsa da al'adarsa suka bambanta da nasu ba. A wannan shekara, wadda gidan sarautar Gwynedd ya fi kowane lokaci magana da murya ɗaya, aka kashe Llywelyn kusa da Builth ranar 11 ga Disamba, aka kai kansa Landan.

Hakan ya taɓa faruwa. Gruffudd ap Llywelyn, mutum ɗaya tak da ya mallaki dukkan Wales, daga 1055 zuwa 1063, ƙarfinsa ne ya jawo masa Harold Godwinson ta ƙasa da ta ruwa, har mutanensa suka kashe shi suka aika da kansa. Sarkin Wales mai rauni ana barinsa ya biya gaisuwa. Mai ƙarfi shi ake tara wa runduna.

Hujja mafi nauyi da za a kawo a kan wannan ra'ayi ita ce Sukotilan. Edward ɗin nan ya auka mata daga 1296, ta kuma tsira, ana iya cewa saboda ta daɗe da sarki guda. Akwai gaskiya a ciki: sarauta guda da ta kafu tun ƙarnoni tana ba mutane abin da za su taru a kai ko da gadon ya zama babu kowa. Amma Sukotilan ba ta tsira daga 'yan ubanci ba. Gardamar gado ce ta buɗe wa Edward ƙofa tun 1291, Robert Bruce kuma ya kashe abokin hamayyarsa John Comyn a cikin coci a 1306. Abin da take da shi wanda Wales ba ta da shi ya haɗa da faɗin ƙasa, da nisa daga cibiyar ƙarfin Ingila, da garuruwan kasuwanci masu fitar da ulu, da kuɗin da sarakunanta ke bugawa tun zamanin David I, da ƙawance da Faransa. Kuma ta gamu da Edward ne bayan yaƙe-yaƙe da gine-gine sun tsotse baitulmalinsa. Ganuwoyin da ya gina a Wales, irin su Conwy da Caernarfon da Harlech da Beaumaris, sun ci kusan fam 80,000.

Yadda Edward ya yi da dokar gado bayan nasara ya isa abin nazari. Dokar Rhuddlan ta 1284 ta shigo da hukuncin laifuka irin na Ingila, ta hana ɗan da ba na aure ba gado, amma ta bar rabon gona tsakanin 'ya'ya maza yadda yake, sai a zamanin Henry VIII aka soke shi. Abin da bai bari ba shi ne jinin sarautar. An kama Dafydd a watan Yuni 1283, aka yanke masa hukuncin cin amanar sarki a Shrewsbury, a watan Oktoba aka ja shi a ƙasa, aka rataye shi, aka daddatsa gawarsa. 'Ya'yansa maza biyu aka kulle su a ganuwar Bristol har ƙarshen rayuwarsu. Gwenllian, 'yar Llywelyn tilo, wadda uwarta ta rasu wajen haihuwarta a 1282, aka kai ta gidan mata masu zaman ibada a Sempringham tana jaririya, ta mutu a can a 1337. A 1301 laƙabin mahaifinta ya koma kan ɗan Edward. Saura zuriyar Rhodri, ɗan'uwan da ya sayar wa Llywelyn da haƙƙinsa ya koma Ingila da zama. Jikansa Owain Lawgoch ya zama jagoran sojan haya a Faransa, ya kuma yi shelar cewa Wales gadonsa ce. A 1378, yana tsakiyar kewaye garin Mortagne, wani mai suna John Lamb da ya shiga hidimarsa ya soke shi ya kashe, kuma takardun baitulmalin Ingila sun nuna an biya Lamb fam 20.